Daga Kano zuwa Jidda: agogon tikiti ba agogon Daura ba ne

Ƙannena masu niyyar zuwa Umra, ku saurara kafin ku ɗaure jaka. Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kusan kilomita 3,400 ne, kuma jirgin da bai tsaya ko'ina ba yakan cinye su cikin awa biyar ko ƙasa da haka kaɗan. Sai dai tikiti ba zai faɗa muku haka ɓaro-ɓaro ba. Lokacin tashi da agogon Najeriya ake rubuta shi, na sauka kuma da agogon Saudiyya, wadda ta riga mu da awa biyu.

A nan na faɗi. Na duba tikitina, na ƙirga daga tashi zuwa sauka na ga awa bakwai, na ce ai akwai sauran lokaci. Haramina kuwa yana can ƙasan babbar jakar da aka auna aka wuce da ita, a zatona sai mun sauka zan ɗaura. Muna cikin tafiya aka sanar cewa mun kusa miƙati, wato iyakar da ake ɗaukar harami kafin a wuce ta, mutane suka soma talbiyya, ni ina zaune da kaftanina da hula. Da kayan jikina na yi niyya, daga baya malamin da na tambaya ya ce sai na yi fidiya. Wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka, haraminsa ya kasance a jikinsa tun daga Kano, ko aƙalla a jakar hannu. Wanda zai fara da Madina shi ne ke da sarari, domin a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, zai ɗauka.

Wajen dawowa ma lissafin ya sake kā da ni, wannan karon ta baya. Na ɗora awa biyar a kan lokacin tashinmu na Jidda, na manta ban cire biyun nan ba, na gaya wa ƙanena abin da ya fito. Ya taso daga Daura hankalinsa kwance, ni kuma na riga na fito ina zaman jira a bakin fili, shi ko Kazaure bai kai ba. Ku bar lissafin kanku, ku karanta wa mai ɗaukarku lokacin saukar da ke kan tikiti, don shi ne agogon gida.

Ku kuma sani nisan taswira ba kullum ne nisan da jirgi ke bi ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazanmu suka riƙa yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Tikiti mai araha da ke bi ta Alkahira ko Adis Ababa kuwa, jiran da ake yi a can yakan zarce zaman cikin jirgin kansa, kuma ba na ba dattijo shawarar irinsa.

Sai batun ƙasa: hanyar Daura zuwa Kano, isa fili awa uku kafin tashi, layin awo da na fasfo. Idan alhazan jiha ne masu tashi daga filin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina, zaman sansani ma yana cikin lissafi, don haka maganin hawan jinin Baba ko Inna a jakar hannu za ku sa.