Sharar da na yi wa littafina kafin ya je hannun mai tacewa

A waya na rubuta labarin, shafi-shafi, ina turawa wani zauren WhatsApp bayan isha'i. Masu karatu suna ta "Anti a ƙara mana", ni kuwa kaina ya kumbura. Da na kammala, na tura wa wani malami mai tace littattafai babi uku ya gani. Washegari ya bugo mini: "Hajiya, labari dai akwai shi. Amma in na karɓa a haka, kuɗinki zai ƙare ne a tsince-tsince. Ki fara share ɗakin kafin ki kira mai fenti."

Maganar ta sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Wata guda cur ban ko buɗe shi ba, kuma ashe fushin ne ya taimake ni, domin da na dawo sai na karanta shi kamar rubutun wata. Na kai wani shago a Kabuga aka buga mini shi a takarda, na sayi jan biro.

Kuskurena na farko shi ne farawa da ƙa'idojin rubutu. Ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a gefena, ina bin haruffa masu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, don a waya ba na sa su. A wani wuri ma, maimakon baƙi su cika falo, baki ne ya cika shi. Na haɗe kalmomin da na rarraba irin su "yana" da "gidansu", na raba waɗanda na haɗe irin su "za ta" da "shi ne", na warware su "gsky" da "wlh". Mako biyu ina wannan. Sai bayan nan na gane akwai babi biyu da ba su da aikin yi a labarin, dole su fita, alhali na gama goge su tas. Da na san haka, da ginin labarin zan fara dubawa, rubutun kalma ya zo daga ƙarshe.

Can ne kuwa abin kunyar yake. Kishiyar da na raɗa wa Hadiza a babi na 4 ta koma Hajara a babi na 19. Tauraruwata ta samu ciki ana azumi, Babbar Sallah ta wuce har sau biyu ba ta haihu ba. Ta kuma hau adaidaita daga Kabuga, cikin minti biyar ta sauka a Hotoro, abin da duk Bakano zai yi wa dariya. Mutanen zaure ba su lura ba saboda kullum loma ɗaya suke samu, amma mai riƙe da littafi zai iya komawa baya. Sai na ɗauki littafin rubutu na 'yan makaranta, kowane mutum da shafinsa: sunansa, shekarunsa, unguwarsu, dangantakarsa da sauran.

Sai gaisuwa. Mu Hausawa akwai mu da gaisuwa, ni kuma na kwashe ta kaf na zuba: ina kwana, ya gida, ya yara, ya ƙarin haƙuri, shafi guda ba a shiga magana ba. Da ita nake cike gurbi ranar da ba ni da abin cewa. Na bar guda ɗaya kawai, inda suruka ta ƙi amsawa, domin ita ce ke ɗauke da labari. "Ajiyar zuciya" kuwa, da na sa kwamfuta ta nemo mini, kusan kowane shafi sai wani ya sauke ta.

Daga ƙarshe na karanta wa yayata shi da baki. Kunne ya kama abin da ido ya tsallake. Ina cikin maganar wata tsohuwar cikin birni ta tsayar da ni: "Ke, wannan ai ba Inna ba ce, mai karanta labarai ce a rediyo." Na mayar wa tsohuwar da bakinta, na bar daidaitacciyar Hausa ga mai ba da labari.

Da malam ya dawo mini da shi, jan birunsa bai tsaya kan ƙugiyar ƙ da ɗ ba. Tambaya ya rubuta a gefen babi na 22: me ya sa ta yafe wa mijin nan da wuri haka? Yau kwana tara ke nan ina kan wannan babin.