Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar autanmu

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki.

Shekaranjiya da la'asar muka iso Tawa da ƙanena, bayan kwana arba'in da bakwai yana kwance a asibiti a Yamai. Da ƙafarsa ya shiga gida, yana dogara sanda. Inna ta taso daga kan tabarma ba ta ce uffan ba, sai shafa kansa take yi kamar yaron goye. Alhamdu lillahi. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba ku gafarce ni, sallula ta fi ƙarfina a kwanakin nan. Shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya samu rabonsa.

Ga wanda bai san shi ba, autanmu soja ne, sarjan, a ɓangaren da ake ce wa jeni militer, cikin masu kwance nakiya. Su ne ke sauka daga mota su wuce gaba a ƙasa idan za a bi hanyar da ba a yarda da ita ba.

Safiyar wata ranar kasuwa ce, a kan hanyar ƙasa can arewacin jihar nan. Wani yaro makiyayi ya ga inda ƙasa ta sake kama, an tona an mayar an share da reshe, ya sheƙa ya faɗa wa sojoji. Aka tsayar da motocin ƴan kasuwa. Nakiya ta farko sun gano ta, jarka ce aka binne a kan sawun taya, suka tarwatsa ta daga nesa, jama'a suka yi kabbara. Ashe akwai ta biyu a gefe, daidai inda mutum zai taka in ya kauce wa ramin ta farko. Wannan ba don motar kasuwa aka dasa ta ba, masu kwancewar aka ɗana wa. Abokin aikinsa, kafaran (wato kofur) ɗin da ke gabansa da ƴan taku, shi ya taka. Allah Ya jiƙansa, Ya karɓi shahadarsa. Ƙanena ya rasa yatsu biyu na hagu, kunnen hagu ya daina ji, an ciro ƙarafa da tsakuwa daga cinyarsa.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga wannan yaro makiyayi ce. Ban san shi ba, kuma ko na sani ba zan faɗi rugarsu ba, kun san dalili. Sai sojan da ya ɗaure cinyar tun a wurin, wanda likita ya ce ba don shi ba da jini ya ƙare kafin a kai gari. Sai likitoci da masu jinya na Tawa da na Yamai, musamman masu kwanan dare, waɗanda ba su taɓa ɗaure mana fuska ba duk yawan tambayata.

Masu ba da jini kuwa, wallahi kun ba ni kunya. Saƙo ɗaya na tura da magariba, kafin hantsi na tarar da layi: ɗalibai, ƴan kabu-kabu, Zabarmawa, Buzaye, Fulani, har wani dattijo da aka ce shekarunsa sun wuce, ya tsaya yana gardama. Babu wanda ya tambaye ni ɗan wane gida ne. Ƴan Adar mazauna Yamai da suka ba ni masauki, abokan fataucina da suka riƙe mini shago, limamai da almajiran da suka yi ta addu'a, Allah Ya saka muku. Haka baiwar Allahn da ke jinyar ɗanta a gado na kusa da namu, ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin Zabarmanci, amma kullum sai ta zuba mana dambu a kwano.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a kaina. Ni ɗan kasuwar ƙauye ne, na sha zama cikin motar da aka tsayar awa uku a rana, ina tsaki ina cewa sojoji sun ɓata mana ciniki. Ƙanena na cikinsu amma ban taɓa tambayarsa yadda aikin yake ba. Sai a daren asibiti, da barci ya ƙi zuwa, ya riƙa ba ni labari. Ya ce, "Yaya, na'urar nan da kake gani ƙarfe take ji, masu dasa nakiyar kuma sun koyi rage ƙarfe, katako da roba suke sawa. Ido ne ke aiki kafin na'ura." In ta yi ƙara, mutum zai kwanta rub da ciki, ya riƙa tsira tsinke a karkace, yana share ƙasa da ɗan buroshi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Mutum ɗaya ke matsawa kusa, saura su ja baya, don in nakiyar ta tashi kada ta ci biyu. Rigar kariyar nan ta fi kilo 30, ka ƙiyasta ta a zafin watan Afrilu. Wani lokaci ma mai riƙe da wayar tayar da nakiyar yana laɓe a daji yana kallonka. Na ce to me kake tunawa a lokacin? Ya ce babu, in ka tuna gida hannu zai yi rawa.

Mu mutanen Tawa ba baƙin wannan masifa ba ne, mantuwa ce ke damunmu. A ƙarshen 2007, lokacin tawayen arewa, nakiya ta tashi a nan cikin gari da kuma Maraɗi. A Janairun 2008 ta kashe Abdou Mahaman, shugaban gidan rediyon R&M, a unguwar Yantala cikin Yamai. Na tuna yadda direbobi suka riƙa bin sawun tayar na gaba, ba mai yarda ya sauka daga kwalta. Can Madama kuwa, kusa da iyakar Libiya, waɗanda sojojin Faransa suka binne tun zamanin mulkin mallaka sai a shekarun nan aka shiga tone su. Yanzu ga Tillaberi, ga Diffa, ga arewacinmu. Ranar da waɗannan yara suka yi aikinsu lafiya ba wanda ke jin labari, mota ta wuce, an ci kasuwa, an dawo da gero da awaki, shi ke nan.

Sai ku da kuka yaɗa a WhatsApp cewa ya rasu, har da hotonsa da "Allah Ya jiƙan maza". Kafin in samu layi in kira gida, maƙwabta sun cika tsakar gida, Inna ta faɗi. Na yafe muku, amma ban manta da wannan wunin ba. Hoton gawar abokinsa da ke yawo kuma, don girman Allah duk wanda yake da shi ya goge. Yana da uwa, yana da mata da ƴaƴa ƙanana.

Tun a mota ƙanena ya ce ba zai karɓi barka da arziki ba sai ya je ya yi musu gaisuwa. Da ƙyar muka lallashe shi ya bari cinyar ta ƙara kamewa. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu yi saukar Alƙur'ani a ƙofar gida, ladan ga mamacin da sauran waɗanda suka kwanta dama a wannan aiki, wanda Allah Ya ba iko ya zo. Mai zuwa duba ƙanena kuma ya zauna ta hannun damansa, ta nan yake ji.