Katin aure da goron gayyata

Shekara 14 ke nan ina buga kati a ɗan shagona da ke Fagge, kuma da zarar Rajab ya kama, na daina zuwa gida cin abincin rana ke nan sai an ga watan azumi. Kowa so yake a ɗaura masa kafin Ramadan, amarya ta dama masa kunun buɗa-baki. Sai bayan ƙaramar salla da hutun Disamba a sake rububi. Sauran watannin kuwa, rasit da kalanda ke riƙe da mu.

In ango ya shigo, ba launi nake fara tambayarsa ba. Cewa nake, "Manya ne suka tsayar da ranar, ko kai da amarya kuka yanka a waya?" Na taɓa buga wa wani kati 500, da ruwan gwal da ambulan, washegari gidan amarya suka ɗaga da wata guda saboda kafinta bai gama gado ba. Haka muka kwana ni da yarana muna liƙa sitika a kan tsohuwar rana. Tun daga nan na koyi tambaya.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne su zo mini saura wata ɗaya, kati ya shiga hannun jama'a saura mako biyu. In ka raba da wuri ƙwarai, a aljihun mota zai kwana har a manta. In kuma ka kai wa mutum ana jibi, ko bai faɗa ba ya san fitar kunya ka yi. Mata lissafinsu daban ne, domin akwai anko, ga tela da alkawarinsa; ƙawayen amarya gara su ji tun saura mako shida. Na nesa, Legas ko Yamai ko Saudiyya, a tura musu hoton katin ta WhatsApp tun kafin tawada ta bushe, su nemi hutu da kuɗin mota.

Wani abu da ke ba mu ciwon kai shi ne kwanan watan Musulunci. Za ka rubuta 20 ga Sha'aban bisa kalanda, sai sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi ta zo da bambancin kwana ɗaya. Shi ya sa nake manyanta sunan ranar, Juma'a ko Asabar, da sa'a da masallaci, don su ba sa motsi.

Amma inda rigima take, sunaye ne. Katin ɗaurin aure ba na ango ba ne, na iyaye ne: iyalan wane da na wane ke gayyata. Wa za a fara sawa, wa aka manta wa Alhaji, wa aka bar wa sarautarsa a baya, uban da ya rasu an sa masa marigayi ko ba a sa ba. Akwai baffan da ya riƙe yarinya tun tana goye, shi ne ma waliyyinta, ango ya kawo mini rubutu babu sunansa. Da katin ya isa gidan, tsohon ya juya shi gaba da baya, ya ajiye, ya ce Allah ya sanya alheri. Sai da dattawa suka yi sawu biyu kafin ya sauko. Yanzu ba na ɗora aiki a inji sai an kai samfuri wani babba a kowane ɓangare ya karanta. Masu gaggawa suna jin haushina, ni kuwa ko a jikina.

Katin dina shi kaɗai nake cewa a ƙirga da kujera, a raba saura kwana uku ko huɗu, saboda 'yan gayyar soɗi.

Kuma ko da yake da kati nake ci, ina faɗa wa samari gaskiya: liman, mai unguwa, kawunnai, gwaggwanni da maƙwabcin katanga ba a aika musu yaro da takarda. Uba ko yaya ne ke takawa da kansa, ya zauna a gaisa, ya ajiye goro da alawa, sannan katin ya biyo baya.

Makon jiya wani matashi ya ce shi na waya kawai yake so, ba ya buƙatar takarda. Na yi masa. Bayan kwana biyu sai ga shi yana sosa ƙeya, wai kakarsa ta ce ita dai ba ta ji ana aure a gidansu ba. Ya ce in taimaka da guda 50. Na ce, "Ango, ka dawo bayan la'asar. Kafin nan ka leƙa kasuwar goro ta Mariri ka sayo wa Hajiya goro, fari, manya."