Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Tsofaffi biyu da gogen Turawa

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin mun tsaya inda na samu ɗaki a gidan wani dattijo bature a bayan garin Galax, jihar Virginia ta Amurka. Abin da ban faɗa muku ba shine sana'arsa. Goge yake haɗawa, irin nasu mai tsirkiya huɗu, wanda mutanen duwatsun nan suke ce wa fidil. Garejinsa kullum ƙamshin katako da warin gam ɗin fata da yake narkawa a wata 'yar tukunya, fuskar gogen da katakon spruce, bayan kuma da maple.

Duk Laraba da yamma sai ka ji ƙarar wata tsohuwar a-kori-kura, abokinsa ne makaɗi. Sun haura shekara 40 tare amma wallahi ban taɓa ganin ranar da suka rabu ba su yi musu ba. Makaɗin ba ya iya ɗaura ko tsirkiya ɗaya da kyau, shi kuma Baba mai gida in ya ja izga sai kace ana yanka akuya, kowa dai da hannunsa.

Akwai wani ɗan sanda a cikin cikin gogen, bai kai kaurin fensir ba, ba a manna shi, matsi ne kawai ke riƙe da shi. Makaɗin zai ja sau biyu ya yamutsa fuska yace muryar ta toshe, Baba ya karɓa yana gunaguni ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ya gusa sandan kamar faɗin ƙwayar gero, a sake ja, sai ka ji abin ya buɗe tar. Ko na gode ba ya cewa fa, sai dai ya kama kiɗa yana buga ƙafa a daɓe.

Rannan na ɗaga gogen na ji wani abu na kacau-kacau a ciki, ashe jelar wani macijin ƙasarsu ce, irin mai ƙara da jela, wai tun ta kakan makaɗin. Nace ashe ku ma kuna da laya! Baba yace shi da kansa ya sha cire ta, makaɗin na mayarwa.

Da na ga yana goga ƙaro a izgar doki sai na tuna gida. Gogenmu ƙwarya ce da fatar guza, kuma muna yara Babanmu bai yarda mu tsaya wurin masu goge ba, yace na 'yan bori ne. Gani nan a ƙasar wasu ina riƙe musu fitila har dare.

Da Agusta ta kama suka ce dole in bi su gasar makaɗa ta Galax, wadda ake yi tun 1935. Ana gobe gasar wuyan gogen ya ɓalle. Sai sati mai zuwa insha Allah.