Ta shiga kasuwa ita kaɗai

Shekara tara ke nan ina aiki da masu fama da ciwon fargaba, amma har yau in na ce ni masaniyar halayyar ɗan Adam ce, sai a ce, "To, wane magani kike rubutawa?" Ba na rubuta magani, wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne. Nawa shi ne zama da mutum mu warware tunanin da ke hura masa wutar tsoro, bisa tsarin da wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Aaron Beck ya shimfiɗa a Amurka a shekarun 1960.

Akwai wata baiwar Allah da ta zo min. Zuciya na dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, ta ɗauka ajali ne. An auna zuciya, lafiya lau. A gida aka ce iska ce. Ta daina fita gaba ɗaya.

Sannu a hankali muka bi. Da farko tsayuwa a bakin kasuwa na minti biyar, har bugun ya lafa da kansa, don fargaba in ta kai ƙololuwa sauka take yi. Guje wa abin tsoron ne ke ƙara wa fargabar ƙarfi.

Jiya ta kira ni: "Anti, har layin 'yan atamfa na shiga, na yi ciniki!"

Na ajiye wayar, hawaye suka zubo min a ofis.