Itatuwa, laka da ruwa: yadda ake tsara filin golf a karkara

A gaɓar tekun Skotland wasan golf ya yi wayo, a kan rairayin da ruwa ba ya kwana a kansa. A St Andrews ne aka rage ramukan da ake jefa ƙwallo a ciki daga 22 zuwa 18 a 1764, kuma adadin ya zauna har yau. Da wasan ya shiga cikin ƙasa a ƙarshen ƙarni na 19, sai aka ci karo da abin da ba a saba da shi ba, wato laka. Filayen farko da aka yi a makiyayan Ingila caɓi ne da hunturu, da zafi kuma ƙasa ta ƙandare.

Mafita ɗaya ita ce a nemi ƙasa mai yashi, kamar yadda Willie Park ƙarami ya yi a Sunningdale a 1901. Ɗayar kuma ita ce a shiga tsofaffin gandayen masu sarauta. A 1908 aka mai da Stoke Park da ke Buckinghamshire kulob, Harry Colt ya zana filin a cikin harabar da Capability Brown da Humphry Repton suka ƙawata tun ƙarni na 18. Manyan itatuwa, tafki, tudu da gangare duk ya tarar da su. Aikinsa shi ne ya ratsa ramuka a tsakaninsu. Augusta National ta jihar Jojiya a Amurka, wadda Alister MacKenzie da Bobby Jones suka tsara a farkon shekarun 1930, ita ma tsohuwar gonar renon itatuwa ce.

Ramuka 18 sukan ci hekta 50 zuwa 70, amma inda kuɗi da ƙwarewa ke tafiya shi ne farfajiyar rami, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ake gangara ƙwallo a kanta. Tsarin da Hukumar Golf ta Amurka ta fara fitarwa a 1960 shi ne ma'aunin da aka fi bi. Ana haƙe wurin, a yanka ƙananan kwatoci, a kwantar da bututu mai huji mai faɗin santimita 10, tazarar kowane layi kada ta wuce mita 5, gangarensa kuma aƙalla rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A bisa a zuba tsakuwa santimita 10, sannan santimita 30 na yashi da aka gauraya da ɗan ruɓaɓɓen tsiro. Masu son rage kuɗi sukan cuɗa ƙasar wurin a cikin yashin. Kuskure ne babba: ƙwayoyin laka na toshe kafofin da ke tsakanin yashi, ruwa ya tsaya, saiwa ta rasa iska ta ruɓe.

Ciyawar nan milimita 3 zuwa 4 ake aske ta, don haka ba ta da ƙarfin jure inuwa. A nan itatuwa ke zama matsala. Itacen da ya tare gabas yana hana hantsi busar da raɓa, ganye ya wuni a jiƙe, cutar fumfuna ta samu wurin zama. Saiwarsa kuma ta bi ƙarƙashi ta shige bututu, ta kwashe ruwa da taki. Abin takaici, yawancin irin waɗannan itatuwa ba mai zanen farko ne ya sa su ba. Kwamitocin kulob ne suka dasa su daga baya suna ƙanana, ba wanda ya lissafa faɗin da za su yi bayan shekara 40. Hanyar ƙwallo ta tsuke, ɗan wasa ya rasa zaɓi sai bugu ɗaya tak. Oakmont, ƙungiyar golf ta jihar Pensilbaniya a Amurka, ta sare dubban itatuwa tun daga shekarun 1990 don ta dawo da kamanninta na asali, kuma a ganina ta yi daidai.

Sauran aikin na kullum ne. Mataccen ganye da saiwa suna taruwa a ƙarƙashin ciyawa su zama kamar soso, su riƙe ruwa a sama. Maganinsa a huda farfajiyar da inji mai zare dunƙulen ƙasa sau ɗaya ko biyu a shekara, a cike hujojin da yashi irin wanda aka gina ta da shi. 'Yan wasa sukan yi ƙorafi, domin ƙwallo ba ta tafiya sumul na mako biyu ko uku. Idan aka sa yashin da ya fi na ƙasa laushi, sai ya yi shimfiɗa dabam, ruwa ya maƙale a mahaɗar biyun, saiwa kuma ta ƙi wuce wurin.