Lahadi, 29 ga Mayu 2022: Gujarat Titans ta ɗauki kofi a filinta

Ban tashi da wuri ba yau. Jiya na raba dare ina kallon Real Madrid da Liverpool, ga shi an jinkirta fara wasan a Paris, don haka sai bayan ƙarfe uku na kwanta a agogon Indiya. Na yi asuba na koma. Wajen goma hayaniyar yara ce ta tashe ni. Na leƙa ta taga na ga sun jera bulo uku a tsakiyar layi suna kurket da ƙwallon roba, rana tana dukansu, kusan kowannensu da shuɗiyar riga mai duhu irin ta Gujarat Titans, ƙungiyar kurket ɗin da za ta buga wasan ƙarshe na IPL, babbar gasar kurket ta Indiya, yau da dare. Wata uku da suka wuce babu yaron da ya san launin rigar nan a Vadodara, garin da nake zaune a jihar Gujarat, domin ita kanta ƙungiyar ba ta taɓa shiga fili ba.

Zafi ya kai zafi. Daga azahar zuwa la'asar ban iya karatun kirki ba, fanka iska mai zafi kawai take juyawa. Da rana ta ɗan yi sanyi na fita sayen madara, na tarar da maigidan da nake haya a wurinsa yana saita talabijin a barandar ƙasa, ɗansa yana jan waya daga ɗaki. Kaka kowa ke kiransa a layin, ni ma haka nake ce masa.

"Yaro, yau ba a kallo a waya," in ji shi. "Ka sauko da ƙarfe takwas. Ɗan garinmu ne kyaftin."

Na ce, "To Kaka, in na idar da salla zan sauko."

Ɗan garin nasu shi ne Hardik Pandya. A Surat aka haife shi, amma nan Vadodara mahaifinsa ya dawo da iyali domin shi da yayansa Krunal su koyi kurket a makarantar Kiran More. Mumbai Indians ta ɗauke shi a 2015 kan rupi miliyan 1, ya ci kofi huɗu da ita. A 2019 aka yi masa aiki a gadon baya, daga nan jifarsa ta yi ta ɗaukewa tana dawowa, har Mumbai ta sake shi kafin kakar bana. Bai taɓa jagorantar ƙungiya a gasar IPL ba. Shi sabuwar ƙungiya ta kira ta ba shi rupi miliyan 150, ta ce ga ragama.

Yadda aka haifi ƙungiyar shi ne abin da har yanzu nake juyawa a raina. Ni ɗan Sai Masu Gida ne, na tashi na tarar da Kano Pillars, an kafa ta tun 1990, iyayenmu sun kalle ta mu ma muka gada. A nan kuwa hukumar kurket ta Indiya ce ta ce za ta ƙara ƙungiyoyi biyu, gasar ta tashi daga takwas zuwa goma, mai kuɗi ya zo ya taya. A watan Oktoban 2021 aka buɗe takardu: kamfanin RPSG ya ɗauki Lucknow kan rupi biliyan 70.9, kamfanin zuba jari na CVC Capital ya ɗauki Ahmedabad kan biliyan 56.25. A lokacin babu suna, babu riga, babu ɗan wasa ko ɗaya, izinin kafa ƙungiya kawai aka saya. Aka ba kowacce damar zaɓar mutum uku kafin gwanjo. Gujarat ta ɗauki Hardik, da Rashid Khan ɗan Afganistan shi ma kan miliyan 150, da matashi Shubman Gill kan miliyan 80. Sauran a gwanjon Bengaluru na watan Fabrairu aka tattaro su.

Ban manta yadda aka yi ta yi musu dariya bayan gwanjon ba. 'Yan ajinmu cewa suke yi an sayi masu jifa an manta da masu bugu. Sai dab da tashi suka samo masu tare ƙwallo a bayan turaku, Wriddhiman Saha da Matthew Wade. David Miller na Afirka ta Kudu babu wanda ya taya shi a zagayen farko, sai daga baya Gujarat ta ɗauke shi kan miliyan 30. Jason Roy na Ingila da suka saya don ya buɗe musu bugu ya janye tun kafin a fara. Kusan kowa a cikinsu akwai inda aka ce masa an gode.

Bayan magariba ƙanena ya kira daga Kano, muryarsa a dishe saboda ihun Madrid. Na ce masa ni ma yau ina da wasan ƙarshe.

"Yaya, wasan nan da ake kwana biyar ana yi?"

Na ce ba shi ba ne, wannan gajere ne, awa uku da ɗan wani abu an gama. Kowace ƙungiya tana da zubi 20, kowane zubi jifa shida. Ɗaya ta fara bugu ta tara maki, ɗayar ta zo ta kamo. In ƙwallo ta gangara ta taɓa igiyar gefe maki huɗu ne, in ta tsallake ta sama shida. Ya ce shi dai in ba raga ba ya ganewa, na ce ya gaishe da Umma.

Na sauko na tarar baranda ta cika, har da maƙwabta da kujerunsu na roba. Matar Kaka ta miƙo mini kwanon ƙarfe da markaɗaɗɗen mangwaro mai sanyi da puri biyu, domin yanzu ne lokacin mangwaro. A talabijin ana nuna filin wasa na Narendra Modi da ke unguwar Motera a Ahmedabad, mutum sama da dubu 100, ko'ina shuɗi. Ahmedabad ba ta fi tafiyar awa biyu daga nan ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan ne karon farko da ƙungiyar ta taka filinta. Saboda korona duk wasannin rukuni a Mumbai da Pune aka yi su, wasan neman gurbi kuma a Kolkata. Mutanen jihar sun yi wata biyu suna son ƙungiyar ta allo, ranar da suka fara ganinta ido da ido ita ce ranar kofi.

Kuma ba banza suka so ta ba. Jifar farko a tarihin ƙungiyar, ranar 28 ga Maris, Mohammed Shami ya fitar da KL Rahul, kyaftin ɗin Lucknow, wato ya kawo ƙarshen bugunsa. A wasan nan ne Krunal, wanda yake wa Lucknow wasa, ya fitar da ƙanensa Hardik, aka yi ta maganar a layinmu. Da Punjab ana neman maki 12 a jifa biyu na ƙarshe, Rahul Tewatia ya ɗaga biyun duka waje. Ranar Talatar nan a Kolkata Miller ya buga shida sau uku a jere a zubin ƙarshe ya kai su wasan yau. Wasa 10 suka ci cikin 14, suka ƙare a saman tebur, kuma kusan kullum wani daban ne yake fitar da su kunya.

Rajasthan Royals ce ta ci ƙuri'a, Sanju Samson ya zaɓi su fara bugu. Ina da tausayinsu a raina. Su ne suka ci kofin farko a 2008 ƙarƙashin Shane Warne, wanda ya rasu a watan Maris ɗin bana, kuma tun daga lokacin ba su sake zuwa wasan ƙarshe ba sai yau. Ga Jos Buttler da ya zuba maki ɗari a wasa ɗaya har sau huɗu a kakar nan. Duk sanda ya juya sanda sai barandar ta yi tsit.

Na hau sama na yi isha, ina saukowa na ga Hardik ya karɓi ƙwallo da kansa. Mutumin da aka ce bayansa ya gama aiki. Ya fara da Samson, wanda ya ɗaga ƙwallo sama aka cafe. Daga ɗaya gefen Rashid Khan ya matse su, zubi huɗu maki 18 kacal ya bari. Sannan aka zo zubi na 13. Hardik ya jefo wata da ta ɗan taso, Buttler ya kai mata sanda, ta goge baki ta faɗa safar Saha. Kaka, dattijon da ko matakala sai ya dafa bango yake hawa, ya miƙe tsaye da kofin shayi a hannu, shayin ya zube masa a wando bai ma kula ba. Buttler ya tafi da 39. Hardik ya ƙara da Shimron Hetmyer, ya jefa kuma ya cafe da hannunsa. Mutum uku, maki 17 a zubi huɗu. Rajasthan ta tsaya a 130, an fitar mata da mutum tara.

Maki 131 ba wani abu ba ne a irin wannan wasa, amma filin yau ba ya sakin ƙwallo yadda ake so. Tun a zubin farko Gill ya ɗaga wata, Yuzvendra Chahal ya yi tsalle ta kuɓuce masa. Da ya riƙe ta Allah kaɗai ya san yadda daren zai kasance. Saha ya fita, Wade ya bi shi, maki 23 mutum biyu sun tafi. Matar Kaka ta shige ciki ta ce ita ba za ta iya kallo ba.

A nan ne Hardik ya fi burge ni, fiye da jifar ma. Da can an san shi da gaggawa da neman shida. Yau ya tsaya, ɗaya ɗaya, biyu biyu, shi da Gill suka ja keken a hankali har 86 kafin Chahal ya fitar da shi da 34. A ganina wannan haƙurin daga yadda ake tafiyar da ƙungiyar ya fito. Kocinsu Ashish Nehra yana yawo a gefen fili da 'yar takarda a hannu yana hira da 'yan wasa, Gary Kirsten, wanda ya ci wa Indiya kofin duniya a 2011 yana koci, yana zaune shiru. Kowa an faɗa masa aikinsa an bar shi ya yi. Miller da ya yi shekaru ana sa shi ana cire shi a wasu ƙungiyoyin, bana duk wasannin ya buga, ya kuma rama wa kura aniyarta a kan Rajasthan ɗin da ta sake shi. Ya shigo ya zuba 32 a jifa 19.

Jifar farko a zubi na 19, Obed McCoy ya jefo gajera, Gill ya ɗauke ta sama ta tsallake igiya. Ya cire hular kwano yana ihu. Ya ƙare da 45, Gujarat 133, saura jifa 11.

Kafin a gama maimaita bugun an fara harba abin wasan wuta a layi. Samari a kan babura suna ta oda, wani ya fito da ganga, mata suka yi da'ira suna rawar garba a gaban shagon mai madara. Kaka ya kama hannuna ya ja ni waje, yana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa shekarar mahaifin yaron nan ɗaya da 'yan watanni da rasuwa, bai ga wannan rana ba. Idonsa ya kawo ruwa. Na tsaya da su har aka miƙa kofin da cakin rupi miliyan 200, aka kuma ba Hardik kyautar gwarzon wasa.

Yanzu ɗaya ta wuce, har yanzu ina jiyo ganga daga babban titi. Ɗan Kaka ya ce in an dawo da wasan gida da waje baɗi, Gujarat za ta yi wasa bakwai a Motera, kuma tikitin rukuni bai kai tsadar na yau ba. Mun yi da shi za mu shiga jirgin ƙasa mu je na farko.